Zoɓo a Gidan Eufemia

Motata ta mutu a bakin Hatch,
ƙaramin gari a Niyu Meziko,
rana ta yi ja, tana shirin faɗuwa.
Na buɗe inji na zuba masa ido,
shi ma ya zuba mini.

Wani dattijo ya tsaya da akori-kura
maƙare da buhunan barkono.
Ya yi magana, ban ji ba,
na yi magana, bai ji ba,
Turancina ya mace a hanya kamar motar.
Sai ya dafa ƙirji: Nicanor.
Na dafa nawa: Sallau.
Ya ɗaura igiya, ya ja mu, ni da gawar.

Gidan ƙasa ne, jama'a!
Tubali da yaɓe, da azara a rufi,
da indararo yana leƙen tsakar gida.
Na ƙetare teku don in ga benaye,
sai ga ni a soron kakata a Kazaure.
Jan barkono a saƙe yana reto a ƙofa,
na yi atishawa uku a jere,
yara suka tuntsire da dariya.
Shi ke nan, an saba.

Matarsa Eufemia ba ta tambayi
daga ina ko zuwa ina ba,
ta miƙo abu ja mai sanyi a moɗa.
Na kurɓa, na tsaya cak.
Zoɓo ne, wallahi zoɓo,
sai dai ba citta, ba kanumfari.
Ta ce hamaika, na ce zoɓo,
ta ce sobo, leɓenta ya ƙi lanƙwasa,
muka bar shi a haka, ta ƙaro mini.

Tukunya na tafasa da naman alade.
Yaya baƙo zai ce a'a ga mai murmushi?
Jikarta Yesenia ta yi mana tafinta.
Tsohuwa ba ta ɓata rai ba,
ta ɗauko wata tukunya,
ta wanke sau biyu a gabana,
ta ɗora wake, ta gasa wainar masara
faffaɗa kamar gurasa,
na ci har gumi ya tsattsafo a goshina.

Da magariba ina laluben alƙibla,
Nicanor ya nuna bayan duwatsu,
ya kashe rediyo da kansa.
Ta shimfiɗa mini bargon da ba a taɓa rufa da shi ba.
Da na sallame, na waiga,
tana lungu tana jan carbinta,
ni ma na ciro nawa.
Ba wanda ya ce wa wani komai.

Kwana biyu surukinsu Isidro
yana kwance ƙarƙashin mota.
Ni kuma na koyi saƙa barkono da zare,
hannuna ya yi zafi, na manta na sosa ido.
Na ba Nicanor goron da na ɓoye tun gida,
ya gatsa, fuskarsa ta yamutse kamar tsumma,
ya haɗiye don kara,
ya ɗaga babban yatsa, hawaye a idonsa.

Ranar tafiya na miƙa kuɗi, suka ƙi.
Na faki ido, na cusa ƙarƙashin faranti.
Eufemia ta riƙe hannuna ta ce, ohala.
Yesenia ta ce, tana nufin
Allah ya sa ka dawo.
Na ji kalmar kamar ɗan'uwa
da ya daɗe a baƙon wuri, ya sauya riga.

Sai da na yi nisa, yunwa ta taso,
na kwance ƙunshin da ta ba ni.
Waina bakwai, har yanzu da ɗumi,
a tsakiyarsu kuɗina, a ninke,
ko dala ɗaya ba ta yi ciwon kai ba.
Na tsaya gefen titi ina atishawa,
na ce barkono ne.